Kurakuran da ake yi da maganin gona da aka haɗa daga funfuna da yadda za a gyara

Akwai funfunar da ke zaune a cikin jikin shuka, a saiwa ko a ganye, ba ta sa mata ciwo sai ma ta riƙa fitar da sinadaran da ke korar ƙwari da cuta. Yanzu har sayar da irinta ake yi, su Trichoderma da Beauveria, to amma mutane da hannunsu suke kashe maganin sannan su dawo suna cewa jabu ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa shi da mancozeb a famfon feshi ɗaya wai don a rage wahala. Haba malam, mancozeb fa aikinsa kenan kashe funfuna, kai kuma abu mai rai ka saya. Ka fesa kowanne daban da tazarar kwanaki, ka wanke famfon tas. Haka barin ledar a rana ko a but ɗin mota, zafi na kashe shi, a inuwa ake ajiyewa kuma da yamma ake feshi.

Sai gaggawa. Mun saba da maganin da ƙwaro ke faɗuwa nan take, wannan kam sai ya shiga jikin ƙwaron ya girma tukuna. Ko Green Muscle, wani maganin ƙwari na funfuna da aka gwada kan fara a Nijar, yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu ko fiye, don haka tun ƙwarin na ƙanana za ka fara.

Wanda ya fi damuna shi ne masu cewa ai tunda ba kemikal ba ne ba ya cutarwa. A Amurka an shuka wata ciyawar kiwo, Kentucky 31, mai jure fari da ƙwari sosai, ashe funfunar Epichloë da ke cikinta ce ke ba ta wannan ƙarfin kuma ita ɗin ce ke fitar da gubar da ke ramar da shanu har kofato ya lalace, sai a shekarun 1970 aka gano. Daga baya aka samo nau'in funfunar da ba ya cutar da shanu aka sa wa ciyawar. Saboda haka a bar kiwon funfuna a gida ana zuba wa amfanin gona, a sayi mai rajista.

Aflasafe, maganin da cibiyar binciken noma ta IITA ta haɗa don rage gubar aflatoxin da wata funfuna ke sa wa masara da gyaɗa, shi ma lokacinsa ake kuskurewa. Dawa ce mai launin shuɗi da aka shafa wa funfunar da ba ta fitar da gubar, ana sa kilo 10 a hekta ɗaya, sati 2 zuwa 3 kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, ƙasa na da danshi. Watsawa ake yi a sama, kar a binne, don haka ka gama noma da huɗa kafin ka watsa.