Yadda ake koya wa yara karanta kiɗa a rubuce

Yaron Maradi da ya tashi yana jin kalangu a gidan biki, da yarinyar da ta saba da tafin gaɗa a dandali, kiɗa na jikinsu tun kafin su shiga aji. Aikin malami shi ne ya sa ido ya gane a takarda abin da hannu ya riga ya iya. Don haka alli ne zai zo daga ƙarshe.

Fara da taku. Ka tsai da yaran a da'ira, su riƙa takawa dama, hagu, dama, hagu, kai kuma kana buga ƙwarya a kife, bugu ɗaya kowane taku. In kana da manhajar metironom a salula, mai ba da bugu a tazara daidai-daidai, sa ta tsakanin bugu 80 da 90 a minti. In ka sauke ta zuwa 60 da nufin sauƙaƙa musu, wahala ka ƙara, domin yaro ba ya iya jiran tazara mai tsawo, sai ya riga bugun. Minti 15 sun isa zama ɗaya, musamman a zafin Afrilu da Mayu.

Sannan ka raba su biyu: wasu na taku, wasu na tafa kalmomin waƙar da kowa ya sani. Nan yaro zai ji cewa taku ba ya canjawa, tafin ne ke yawo a kansa. Wanda bai ji wannan ba, duk alamar da ka rubuta masa haddacewa kawai zai yi.

Mataki na gaba yana son murafen kwalba. Zana da'ira 4 a ƙasa, kowace da'ira bugu ɗaya. Murfi ɗaya a ciki, a ce "ta". Murfi biyu, a ce "ti-ti", a cikin lokacin da "ta" ɗaya ke ci. Da'irar da ba komai, a buɗe hannuwa a yi shiru. Waɗannan gaɓoɓi sun samo asali daga tsarin koyarwa na Faransa a ƙarni na 19, malamin kiɗa Zoltán Kodály na Hungary ya yaɗa su a makarantu. Wasu malamai sun fi son kalmomin gida, ba laifi, amma a zaɓa da kunne. "Gero" da "wake" gaɓoɓinsu biyu tsawonsu ɗaya, sun dace da bugu da aka raba daidai. "Fura" da "tuwo" kuwa gaɓar farko gajera ce, ta biyu doguwa, yaro zai tafa su a karkace, kuma gaskiyarsa.

Sai bayan yara sun iya jera murafen da kansu, suna karanta na junansu, za ka hau allo. Alama uku sun wadatar a watan farko. Baƙa, mai cikakken kai da sanda, bugu 1 ce, ita ce "ta". Baƙaƙe biyu da aka haɗa sandunansu da layi a sama su ne "ti-ti". Sai alamar shiru ta bugu 1. A littattafan solfej, wato na koyon karatun kiɗa, na Faransanci za su tarar ana kiran baƙa nuwar, kowace ɗaya cikin biyun da aka haɗa kuma kurosh, ka faɗa musu tun yanzu. Fara, mai kai marar ciko, bugu 2 ce. Ka bar ta sai wata na biyu.

Rubuta kowane tsari na bugu 4 a kwali dabam, kamar guda 8, kana sauya jerinsu kullum. In jerin bai sauya ba, yaranmu masu kaifin hadda ne, zuwa rana ta uku ba wanda ke duban kwalin. Kuma ka daina tafawa tare da su. Kai dai riƙe bugun da ƙwarya, in ba haka ba hannunka za su karanta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen shiru. Yaro yana ɗaukar shiru a matsayin wurin da ba komai, sai ya tsallake, layin ya koma bugu 3. Maganinsa ƙafa: taku ba ya tsayawa ko da hannu ya yi shiru. Fara ma tana ba da matsala, wasu su tafa ta sau biyu. A tafa sau ɗaya, a riƙe hannuwa a haɗe, baki na jan "ta-a" har taku na biyu ya wuce. In ajin ya cika, a karanta layi-layi, don tafin taron yara yana rufe kuskuren mutum goma. Babbar ganga ma haka take yi, shi ya sa ba a ba yaro ita sai karatunsa ya zauna a tafi.

Kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya, wato kowane bugu ya rabu uku, abin da ake rubutawa da 6/8. Kada ka cusa shi cikin da'ira 4 da murafe bibbiyu, zai fito ba daɗi, yara kuma za su ji ba shi ba ne. Idan lokacinsa ya yi, share da'ira biyu, ka zuba murfi 3 a kowace ɗaya daga cikin biyun da suka rage, taku ɗaya ga kowace da'ira.