Yadda zaka kare cikinka da na yaranka daga ƙurar titi

Idan aka ce ƙura kowa tari da mura da jan ido yake tunawa, amma mu mutanen Marwa da Garwa da Kuseri har Injamena cin ta muke yi, tana sauka har hanji. Wadda ka shaƙa ma majinar hanci da ta bututun numfashi ce take kama ta, akwai wasu ƙananan gasu da ido baya gani suna turo majinar sama zuwa maƙogwaro kai kuma ka haɗiye baka sani ba. Sai kuma wadda take sauka kai tsaye kan tsire da ƙosai da burodi da randa da hannun yara, toh wannan ita ce muke da iko a kanta sosai.

Hazon hunturu da yake rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, wannan ba mai iya tare shi. Ta titi ce tafi damuna saboda abin da ke cikinta. Akwai ɓarɓashin taya da na birki, da baƙin mai da hayaƙin manyan motoci, da kashin dabbobi da na mutane da ruwan kwata da suka bushe mota ta niƙe su ta watsa, ƙwan tsutsar ciki kuwa yana iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. Ga kuma dalma, an daina sa ta a fetur a ƙasashenmu tun farkon 2006 amma ita bata ruɓewa, tana nan a ƙasar bakin tsofaffin hanyoyi da wuraren da ake fasa batir. Dalma tana kawo ciwon ciki da taurin bayan gida da ƙarancin jini, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba. A Zamfara a 2010 ƙurar niƙan dutsen zinari mai dalma ta kashe yara wajen 400, ta hannu da baki ta shige su. Ta titi bata kai wancan ƙarfi ba amma hanyar shigar ɗaya ce. Sannan gwajin da aka yi kan ɓeraye ya nuna ƙurar gurɓatacciyar iska tana canza ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke hanji, tana sa bangon hanjin kumburi.

Fara da abin da zaka saya a bakin hanya. Wanda yake rufe shi zaka nema, cikin akwatin gilashi ko ƙarƙashin ƙyalle mai tsabta, ko wanda aka kwashe daga wuta a gabanka. In tsire ne kace wa mai nama dan Allah malam mayar min kan wuta, wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai bata cire dalma da ɓarɓashin birki shi yasa rufewar tafi komai. Ku kuma iyayenmu masu ƙosai da masu burodi, ja da teburi baya daga bakin kwalta ko da taku kaɗan ne da rufe tire baya rage ciniki, wallahi mai saye ma yafi natsuwa.

Shanya a gefen kwalta kuwa ita tafi ci min rai. Barkono, kuɓewa, tumatir, dawa, wani lokaci har gari, a baza su a ƙasa motoci suna wucewa wuni guda suna zuba musu ƙura saboda wai kwalta tafi zafi sun fi saurin bushewa, bayan nan a daka a zuba a miya, kuma gari ai baya wankuwa, duk abin da ya sauka a kansa tare za a tuƙa su. A shanya cikin gida kan tampol ko tabarma, in da hali a ɗora kan rumfa. Wanda aka sayo busasshe a kasuwa a ɗauraye shi kafin daka, busasshen kifin Maga ko na Lagdo a wanke da ruwan zafi, latas da mangwaro da gwaiba a wanke da ruwa mai kyau, abin da yake ɓaruwa a ɓare.

Randa ta zauna da murfinta, moɗa a rataye ko a kife kan murfin, kar a bar ta a ƙasa. Ruwan da baka yarda dashi ba a tafasa, musamman na ƙananan yara.

Kafin shara uwar gida ta yayyafa ruwa, ko ragowar na wanki ne, amma banda na kwata. Sharar busasshiyar ƙasa tada ƙurar kawai take yi ta sake sauka kan kwanuka. Cikin ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma, takalma su tsaya bakin ƙofa, kwanuka a kife. Masu zuba baƙin mai a ƙofar gida ko gareji don ƙura ta kwanta ku bari dan Allah, guba ce kuke shimfiɗa wa yaran unguwa.

Yara su ne abin ji, mai rarrafe duk abin da ya taɓa baki yake kaiwa. A shimfiɗa masa tabarma nesa da bakin titi, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ruwan a zuba musu daga buta, ba kowa ya tsoma a kwano ɗaya ba. Kar yaro ya fita da yunwa da safe domin cikin da babu komai yafi tsotse dalma, haka yaron da jininsa yayi ƙasa, toh wake da zogale da kifi da hanta in an samu suna taimakawa. Idan an zo rabon maganin tsutsar ciki a makaranta ku bari su sha.

Ku 'yan uwa masu klando, wato baburan haya, da direbobin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, ku sa takunkumi mai rufe hanci da baki, rawani ma yana rage manyan ƙwayoyin ƙurar in dai ana wanke shi. In ka sauka ka fyace hanci, ka kurkure baki ka tofar, ka wanke hannu kafin ka karɓi shayi da burodi. Madarar gwangwani da ake sha wai tana wanke ƙura abinci ce kawai, bata wanke komai. Kuma a daina sayen Flagyl da kafso wajen mai tallan magani duk sanda ciki ya murɗa, suna kashe ƙwayoyin hanji masu amfani su ma.

In gudawa ta kama yaro a fara da ruwan gishiri da sukari na ƙulli da ake samu a kemis ko asibiti, in babu a haɗa lita 1 na tafasasshen ruwan da ya huce da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kar a tula. Sai ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, nono da abinci a ci gaba da bayarwa. Amma in ka ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha yana ta amai, ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Haka ciwon cikin da yake ta dawowa da taurin bayan gida da kasala, ka faɗa wa likita cewa gidanku bakin babban titi yake ko kusa da masu gyaran batir, domin ya san ta inda zai fara bincike.