Allunan Talla a Titunan Kano: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Koke-koken da mutanen Kano ke yi a kan allunan talla sanannu ne: allo ya tare wa direba gani a mahaɗa, allo ya cinye hanyar masu tafiya a ƙasa, allo ya faɗo a hadarin farkon damina, fastoci sun lulluɓe gada, hasken allon lantarki ya hana unguwa barci. In aka bi diddigi, kusan duk tushensu ɗaya ne. Mai kafa allo yana ɗaukar sa hoto, alhali gini ne mai nauyi, a tsaye a filin jama'a, bisa kawunan mutanen da ba a shawarce su ba.

Raina iska

Wannan shi ne kuskuren da ke kashe mutane, don haka da shi za mu fara. Yawanci mai walda ake bar wa aikin, shi kuma da ido yake auna ƙarfe: in ya ɗauki nauyin allon, shi ke nan. To, nauyin allo ba shi ke kayar da shi ba, iska ce.

Ga lissafin. Iskar da ke gudun kilomita 108 a awa, wato mita 30 a daƙiƙa, tana danna kowace murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 55. Allon da aka fi gani a gefen titi, mai mita 3 sau 6, murabba'in mita 18 ne, ka ga kusan tan 1 ke nan. Injiniya zai ƙara fiye da rabin wannan a kai, domin iskar da ke tura fuskar allo tana kuma tsotsar bayansa. Babban allo mai ƙafa ɗaya, a ce mita 6 sau 18, ya ninka wannan sau shida. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Tsayi ma yana da nasa: duk mitar da aka ƙara wa ƙafar allo, an ƙara wa iska dama a kan gindinsa, kamar yadda doguwar sanda ke sauƙaƙa tumɓuke turke. Shi ya sa allon da aka ƙara wa tsawo don ya leƙo gada, ba a taɓa fandishonsa ba, ya zama abin tsoro ga duk mai wucewa.

A Mumbai ta ƙasar Indiya, ranar 13 ga Mayu 2024, guguwa ta kayar da wani allo a kan gidan mai a unguwar Ghatkopar, mutum 17 suka mutu. Girmansa ƙafa 120 sau 120 ne, a garin da ƙa'idarsa ba ta wuce 40 sau 40 ba. Hadarin Mayu da Yuni da ke taso mana daga gabas, wanda ke yaye kwanon gidaje kowace shekara, ba zai yi wa allo da sauƙi ba.

Gyaran yana farawa ne daga zane da lissafi na injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da hatiminsa a jiki. A duba ƙasar wurin kafin a haƙa rami, musamman a cikin birni, inda filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai. Irin wannan ƙasa tana saki da zarar ta sha ruwa. Kankaren gindi a zuba shi gaba ɗaya a rana guda, rodi ya samu rufin kankare na aƙalla santimita 5, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7. A kwana 7 kankare bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai ya kwana 28 yake cika. Masu gaggawa kan ɗora fuskar allo bayan kwana uku saboda mai talla ya matsa, daga nan tsagewar take farawa.

Akwai kuma dabarar yanka ramuka a jikin leda ko bana wai don iska ta wuce. Abin da take ragewa kaɗan ne, kuma daga bakin yankan ledar ke fara yagewa. Kada a rage ƙarfe saboda ita.

Allon da ke tsaye ma yana son dubawa sau biyu a shekara, a Afrilu kafin ruwa ya sauka da kuma bayan damina. Wurin da ya fi cin amana shi ne inda ƙarfe ya haɗu da kankare, domin nan ruwa ke kwanciya, tsatsa ta ci ta ciki. A kankare tsatsar, a ƙwanƙwasa a ji ko ƙarfen ya zama fanko, a ɗaure notika, a duba walda ko ta tsage, a shafa fentin hana tsatsa kafin na ado. A gyara saman kankaren ya ɗan gangara don ruwa ya zube. Allon da aka girke a kan bene kuwa, dole a binciki ginin kansa, tun da ba a zana rufinsa don ɗaukar wannan jijjiga ba.

Zaɓen wuri don ido kawai

Mai talla yana son inda motoci suka fi taruwa, shi ya sa shataletale da bakin danja suka fi shan alluna. Nan ne kuma direba ya fi bukatar ganin gabansa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana bukatar kusan mita 65 a buɗe kafin direba ya hango abu, ya taka birki, ya tsaya. A gudun 60 kuma kusan mita 85. Idon direban ƙaramar mota bai fi mita 1 da kaɗan daga ƙasa ba. Ƙaramin allon shago da aka ajiye a kusurwar layi ya isa ya ɓoye yaro ko ɗan adaidaita sahu da ke shigowa. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a haƙa, a kafa sanda mai ƙyalle a wurin, a zauna a mota a kowane ɓangaren mahaɗar a duba. In ƙyallen ya shiga tsakaninka da danja, ko alamar hanya, ko motar da ke tahowa, a matsar da allon.

A gefen titi, ƙasan allo ya kai aƙalla mita 2.5 daga ƙasa, saboda mai ɗauke da kaya a ka. Ƙafarsa kada ta tsaya a tsakiyar hanyar masu tafiya, domin duk wanda ta tare, kwalta yake sauka. Kada kuma a dasa ta a cikin kwalbati. Ƙarfe ɗaya ya isa ya tara leda da yashi har ruwa ya hau titi.

Layin wuta ya fi komai haɗari ga masu aikin kansu. Layin 11kV da 33kV (kV ma'aunin ƙarfin wuta ne) yana da hurumin mita 11, wato 5.5 kowane gefe. Na 132kV mita 30, na 330kV mita 50. Wutar irin waɗannan layuka tana iya tsallakowa ta kama ƙarfe ba tare da an taɓa waya ba, kuma mai liƙa leda yana sama riƙe da doguwar sanda. In akwai shakka, a kira kamfanin wutar lantarki, KEDCO, su duba.

Sai sare bishiya don allo ya fito. Darbejiyar da ta shekara 20 tana ba masu jiran mota inuwa ba ta kamata ta faɗi don kwangilar wata shida ba. Haka badala: ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren tarihi da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007, kuma haƙa ramin allo a gindinta ƙofa ce ga ruwa ya cinye ta.

Rasit ɗaya ba izini ba ne

Da yawa kan biya kuɗi wuri ɗaya su ɗauka sun gama. Abubuwa uku ne daban. Akwai yardar mai fili, a rubuce. In gefen titin tarayya ne, Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya na da ta cewa. Akwai izinin ginin allon daga hukumar tsara birni, KNUPDA, da kuɗin talla na hukumar da jiha ko ƙaramar hukuma ta ɗora wa karɓa. Sannan akwai tantance saƙon kansa, wanda aikin ARCON ne, hukumar kula da harkar talla ta ƙasa da ta gaji APCON a 2022. Ruɗanin yana da asali: Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, jihohi kuma sun kafa nasu hukumomin, kamar LASAA da Legas ta kafa a 2006. Mafita ga mai allo ita ce ya biya ta banki a asusun gwamnati, ya ƙi miƙa kuɗi a hannu, ya adana kowace takarda, ya kuma sayi inshorar da za ta biya wanda allon ya cutar.

Haske da cunkoson rubutu

Allon lantarki da aka saita don ya yi gogayya da ranar Kano, in aka bar shi haka da dare, yana kashe wa direba ido. A sa masa na'urar da ke rage haske da kanta bayan magariba, kowane saƙo ya tsaya kimanin daƙiƙa 8, a bar walƙiya da bidiyo, a guji ja da kore kusa da danja. A juya fuskarsa daga tagogin gidaje, a binne masa sandar tagulla saboda tsawa. Rubutu kuma kada ya wuce kalma shida ko bakwai; direba mai gudun 60 yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, ba zai karanta lambobin waya uku ba.

Fastoci, da inda hukuma da jama'a ke kuskure

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na yaƙin neman zaɓe, amma fastar da aka liƙa da koko a jikin gada tana shekara ba ta fita ba. Abin da ya dace shi ne a ware allunan liƙa fasta a kowace mazaɓa, a karɓi kuɗin ajiya daga jam'iyya, a mayar mata in ta kwashe kayanta bayan zaɓe.

Babban kuskuren hukuma shi ne kallon allo a matsayin kuɗin shiga kawai. Sai a yi ta ba da izini, rana ɗaya a fito da jan fenti da katafila, bayan wata uku komai ya dawo. Birnin Sao Paulo na Brazil ya hana manyan alluna ɗungurungum daga 2007. Kano ba sai ta kai nan ba. Ya isa a fitar da taswirar da ke nuna inda aka yarda da inda aka hana, a ƙayyade girma da tazara tsakanin allo da allo, a kuma tilasta kowane allo ya ɗauki ƙaramin faranti mai lambar izini da sunan kamfani da ranar ƙarewa, a tsayin da mai wucewa zai iya karantawa.

Mazauna unguwa kuma kan tsaya ga ƙorafi a Facebook, ko matasa su yanke allon da kansu, wanda ke jawo shari'a, wani lokacin har rauni. A ɗauki hotonsa daga inda direba ke gani, da hoton gindinsa in ya yi tsatsa ko ya karkata. A rubuta takarda mai sunan titi da alamar da ke kusa, mai unguwa ya sa hannu, a kai KNUPDA da ƙaramar hukuma, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. In allon ya tare gani ne, a ba hukumar kula da zirga-zirga, KAROTA, kwafi. In ya riga ya karkata kuma damina ta kusa, a janye masu sana'a daga ƙarƙashinsa tun a ranar, kafin amsar takardar ta zo.