Ga masu ƙungiyoyin taimakon marayu da marasa lafiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In za ku nemi taimako a Facebook ko WhatsApp, kar ku sa lambar asusun mutum ɗaya. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya fi sakin jiki in ya ga sunan ƙungiya ya fito lokacin tura kuɗi.

Bayan an tara kuma, ku dawo da bayani. Mu a Kurna, duk buhun shinkafar da muka saya don rabon azumi sai mun ɗauki hoton rasit mun ɗora, har kuɗin ɗan sahu muna rubutawa. Wallahi wannan ne ya riƙe mana masu bayarwa.

Ku haɗa da saƙon murya da Hausa, don iyayenmu da yawa sauraro suke yi.

Hotunan marayu kuwa, don Allah a rufa musu asiri. A ɗauki kayan, ko hannun mai karɓa, ban da fuska. Yaron nan zai girma, hoton kuma yana nan a intanet.