Kurakuran da ake yi wajen cire kuromiyam daga ruwa da gawayi

Ɗaliban kimiyya da yawa a nan Katsina sukan ɗauki aikin tace kuromiyam, wani sinadarin ƙarfe da ke gurɓata ruwa, da gawayin ɓuntun shinkafa, bawon gyaɗa ko ƙwallon goruba. Dabarar mai kyau ce, amma kurakuran da ake maimaitawa kusan iri ɗaya ne.

Babban cikinsu shi ne rashin sanin wane kuromiyam ke cikin ruwan. Iri biyu ne. Mai lamba 3 shi ne kamfanonin jima irin na Challawa da Sharaɗa a Kano ke amfani da shi. Mai lamba 6 kuwa shi ne mugun, mai jawo ciwon daji. Majeman gargajiya da ke aiki da bagaruwa ba ruwansu da wannan magana. Mai lamba 6 ya fi manne wa gawayi idan ruwan ya yi tsami sosai, wato pH, ma'aunin tsami, ya sauka wajen 2 zuwa 3. Ka bar ruwanka a 7, inda babu tsami, gawayin zai kama kaɗan, ka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Mai lamba 3 akasin haka yake: a ɗaga pH zuwa 8 ko 9, sai ya kwanta ƙasa kamar laka. Saboda haka a fara aunawa kafin a zuba komai.

Sai gawayin kansa. Na kasuwa, wanda ake gasa masara da shi, ramukansa a toshe suke. Wanda aka gyara da asid ko tururi mai tsananin zafi, faɗin cikin ramukan giram ɗaya kan kai murabba'in mita 1,000. A wanke shi, a daka, a tankaɗe, a kuma bar shi yana kaɗuwa cikin ruwan, ba a tsiyaye nan take ba.

Kada ido ya ruɗe ka. Launin rawayan da mai lamba 6 ke sa wa ruwan kan ɓace alhali guba na nan, domin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 0.05 ce a lita, abin da ido ba ya gani. Tafasawa ma ba ta fitar da shi, ƙara masa kauri take yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne watsar da gawayin da ya gama aiki a kwata ko cinna masa wuta. Ƙonawa na iya mayar da mai lamba 3 ya zama mai 6. A zuba shi a mazubi mai murfi, a rubuta abin da ke ciki, a miƙa wa mai kula da ɗakin gwaji.