Yadda ake tsara lambu a cikin gida ba tare da bazara ta ƙone shi ba

A watan Agusta kowa gwanin lambu ne, domin sama ce ke yin ban ruwa. Afrilu ke raba gardama, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, rijiya ta ja baya, 'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi. Yawancin lambunan gida a wannan watan suke mutuwa, kuma dalilin ɗaya ne: an tsara su daga hoton da aka gani a waya, ba a tsara su daga ruwan da ke gidan ba. Saboda haka matakan nan daga ruwa suka fara.

Mataki na 1: Lissafa ruwan da za ka iya bayarwa a bazara

A tsakiyar zafi, kowace murabba'in mita ɗaya ta ciyawar ado ko ganyen miya tana shan kamar lita 5 zuwa 7 a yini. Idan ka shimfiɗa ciyawa a fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, kana maganar lita 300 ke nan kullum, wato jarka 12 mai cin lita 25. Wanda yake da burtsatse da tanki a sama zai iya. Wanda ke sayen ruwa a kura kuwa, gara ya san wannan lissafin tun bai sayi ciyawar ba.

Ka ƙirga har da ruwan da gidan ke zubarwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk suna raya shuka, kuma idan aka ja ɗan bututu daga wurin alwala zuwa gindin lemun tsami ko ayaba, an gama da ban ruwansu. Ruwan wanki mai omo da bilic kada ya je kan ganyen da za a ci. Na sama ma a tare shi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubo lita 2,000 a ruwa ɗaya mai milimita 20.

Mataki na 2: Zana gidan a takarda

Ɗauki awon filin da ya rage bayan gini, ka zana shi ko da da biro ne a bayan kalanda. Fara sa abubuwan da ba sa motsi: katanga, ƙofa, rijiya, sokawe, shadda, bututun ruwa, wayar lantarki da ta ratsa sama, da inda indararo ke zuba. Sannan ka sa abin da mutanen gida ke yi a filin. Ina ake shanya? Ina ake kafa murhu ranar suna ko biki? Ina ake ɗaure ragon layya, ina mota ke juyawa, ina yara ke buga ƙwallo? Wannan tambaya uwargida za a yi wa, ita ta fi kowa sanin tsakar gida, kuma lambun da ya tare mata igiyar shanya ba zai yi tsawon rai ba.

Ka ba da yini guda kana duba rana, da hantsi da azahar da la'asar, kana sa alama inda take faɗawa. Kayan miya suna son rana ta awa 6 ko fiye. Bangon yamma shi ke shan zafin la'asar ya riƙe shi har dare, nan ne inuwa ta fi amfani. Hadari kuwa galibi daga gabas yake tasowa da iska, don haka bishiya mai gautsin reshe kamar zogale ko gwanda ba ta dace da kusa da kwanon rufi ta wannan ɓangaren ba.

Mataki na 3: Zaɓi salo

Lambun miya shi ne wanda na fi ba wa kowa shawara, don yana biyan kuɗin ruwansa. Komaye uku ko huɗu, kowanne faɗin mita ɗaya don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba, da 'yar hanya a tsakaninsu. Alayyafo yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. Rama, yakuwa, lalo da kuɓewa suna son damina da zafi. Latas, kabeji, karas, albasa da tumatir kuwa sanyi suke so, a shuka su daga Oktoba zuwa Nuwamba. A jera zogale a jikin katanga, a riƙa sare kansa idan ya kai mita ɗaya, sai ya yi rassa ganyen ya tsaya inda hannu ke kaiwa. Na'a-na'a a sa ta a tukunya ita kaɗai, in ba haka ba za ta mamaye komin.

Lambun inuwa da 'ya'yan itace na mai haƙuri ne da mai fili. A fulotin ƙafa 50 da 100 da aka riga aka gina, mangwaro ɗaya ya isa, kuma ya yi nisan aƙalla mita 5 ko 6 daga gini da sokawe. A sayi mai aure, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, maimakon na ƙwallo da zai iya kai ninkin haka kuma ba a san irin da zai fito ba. Gwaiba, rumman da lemun tsami ba sa cin wuri sosai, tazarar mita 3 zuwa 4 ta wadatar. Gwanda kan yi 'ya'ya cikin shekara guda, amma akwai namiji da mace, sai a shuka uku ko huɗu a rage bayan sun yi fure. Dabino ma haka yake, mace ba ta ba da na kirki sai an yi mata barbara da furen namiji. Dalbejiya, malaina da turare kuwa a bar su a ƙofar gida ko gona. Inuwarsu da daɗi, amma jijiyarsu na ɗaga daɓe, ta tsaga katanga, ta bi danshi har cikin sokawe. A kuma tuna da maƙwabci: reshen da ya leƙa gidansa, da yaran da za su hau su hango tsakar gidansa, sun isa kawo sulhu gaban mai unguwa.

Shimfiɗaɗɗiyar ciyawa kore shar salon Ingila ne, ƙasar da ake yayyafi kusan duk shekara. A Jos ko Mambila tana da sauƙi. A Katsina ko Damagaram sai an yi mata hidima kamar jariri. Wanda ransa ya biya, ya yi 'yar kaɗan daidai shimfiɗar tabarma biyu ko uku a inda ake zama da yamma, ya yi amfani da kiri-kiri, wadda ta saba da ƙasarmu, ko ta bushe tana farfaɗowa da ruwan farko. A kewaye ta da lalle a matsayin shinge, a riƙa aske shi. Boganbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ta fi yin fure idan ba a cika mata ruwa ba, don haka rani ne lokacinta.

Akwai kuma tsarin gida huɗu da ya samo asali daga Farisa, wanda ake gani a gaban Taj Mahal a Indiya da fadar Alhamra a Andalus: hanyoyi biyu su gitta juna su raba fili kashi huɗu, da ruwa a tsakiya. Ya dace da tsakar gida mai kusurwa huɗu ƙwarai, domin shi ma don ƙasa mai zafi da gida mai katanga aka ƙirƙiro shi. A kowane kashi a dasa rumman ko lemo ɗaya, a zagaye gindinsa da ɗoɗɗoya. Tafkin tsakiyar ne ban yarda da shi ba sai in ruwan zai riƙa gudu, domin ruwan da ya kwanta mako guda gidan sauro ne. Dakali ko babbar randa mai murfi sun fi.

Wanda ruwa ya yi wa wuya ƙwarai ya yi lambun tsakuwa. Japanawa sun shahara da shi. A wurin ibadar Ryoanji da ke Kyoto duwatsu 15 ne kawai a kan farar tsakuwa. Namu sai a haɗa tsakuwa da manyan duwatsu da tsiran da ke jure ƙishi, irin su kabar giwa da kariya mai jan fure. Sai dai tsakuwa a fili tana ɗaukar zafi ta mayar wa ɗaki, gara a yi shi a ƙarƙashin inuwa. Ruwan jikin kariya guba ne, na tinya da ƙerana kuma yana illa ga ido, don haka gida mai ƙananan yara ya nisanta su.

Ɗan haya, ko wanda aka malale gidansa da siminti, buhu da bokiti da tsohuwar taya sun ishe shi. A huda gindinsu, a ɗora kan bulo. Ranar tashi a loda su a mota.

Mataki na 4: Gyara ƙasa, ka fitar wa ruwa hanya

Sabon gida ƙasarsa cike take da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti. A kwashe su har zurfin ƙafa ɗaya, in ta kama a kawo ƙasar noma. Don sanin irin ƙasarka, haƙa rami ƙafa ɗaya ka cika shi da ruwa. In ya tsotse nan da nan, jigawa ce, tana buƙatar taki mai yawa don ta riƙe danshi. In ka wayi gari ruwan na nan, taɓo ne, sai a ɗaga komaye sama a gauraya da buntun shinkafa da taki. Kashin shanu da na awaki su ne abin nema, amma ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a tara shi a riƙa yayyafa masa ruwa wata 2 zuwa 3 kafin a zuba. Ga buhu, awo biyu na ƙasa, ɗaya na taki, ɗaya na yashi ko buntu.

Duk aikin da ke buƙatar baro da birkila a gama shi kafin shuka ta shiga ƙasa: hanya, dakali, rumfa, bututu. Filin ya ɗan gangara daga jikin gini zuwa kwata, kada komi ya jingina da bangon ɗaki, musamman ginin ƙasa, domin danshi zai ci gindinsa.

Mataki na 5: Dashe

Bishiya ake fara sawa, sannan shinge, sannan ƙananan tsirai. Lokacinta shi ne idan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ta samu wata biyu ko uku tana kafa saiwa a kyauta. Rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi. A gauraya ƙasar sama da taki a mayar. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, kada a binne gindin fiye da yadda yake a leda, mahaɗar auren kuma ta tsaya a sama da ƙasa. Da yamma ake dashe, a bi da ruwa nan take. Wajen saye a duba ƙasan ledar: wadda saiwarta ta huda ta kama ƙasa ta daɗe a wurin, za ta sha wahala in an tumɓuke ta.

Mataki na 6: Tsare shi a shekarar farko

Akuya ɗaya na iya gama da aikin wata uku kafin a idar da sallar azahar, kaji kuma su tone abin da ta bari. A kewaye kowace bishiya da waya ko kwandon kara, komaye kuma da tsohon gidan sauro. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko buntu kaurin yatsu huɗu don rage ƙafewar ruwa, amma a bar tazara kaɗan daga jikin itacen saboda gara, a kuma barbaɗa toka in an ga alamarta. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a ƙoshar da ƙasa sosai kwana bibbiyu ya fi yayyafi kullum, don saiwa ta nutsa ƙasa. In za ka yi tafiya a bazara, huda murfin gorar ruwa da allura, ka cika ta, ka kifa ta a gindin kowace ƙaramar bishiya, sannan ka bar wa wani yaro a gidan amanar sake cika su.