Yadda Ake Koya wa Karen da Ya Manyanta Zama a Keji

Karen da ya girma yana yawo a tsakar gida ba zai karɓi keji cikin kwana ɗaya ba, domin ya riga ya saba da wuraren kwanciyarsa. Aikin yakan ɗauki makonni, wani lokaci har watanni, amma yana da amfani ranar da za a kai shi wurin likitan dabbobi, ko bayan an yi masa tiyata, ko kuma sa'ad da baƙi suka cika gida.

A fara da zaɓen kejin da kare zai iya miƙewa tsaye a ciki, ya juya, ya kuma kwanta ya miƙe ƙafafunsa. A ajiye shi a inuwa mai iska, kusa da inda mutanen gida ke zama, saboda kare da haki yake rage zafin jikinsa, kuma kejin ƙarfe a rana yana iya halaka shi. A shimfiɗa masa bargo mai kauri, tunda ciwon gaɓɓai ya zama ruwan dare ga tsofaffin karnuka.

A kwanakin farko kada a rufe ƙofa ko kaɗan. A ɗaure ta a buɗe don kada iska ta buga ta ya firgita, sannan a riƙa jefa ƙananan yankan dafaffen nama a bakin kejin, daga baya a tsakiya, daga ƙarshe a can ƙurya. Naman ya kasance babu albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata ƙwayoyin jinin kare. Idan ya ƙi shiga, a ƙyale shi zuwa gobe. A ganina nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin, don karen da aka tura da ƙarfi sau ɗaya zai daɗe yana kallon keji a matsayin tarko.

Da zarar ya fara shiga da kansa, a mayar da kwanon abincinsa ciki. Bayan 'yan kwanaki a rufe ƙofa yayin da yake ci, a buɗe da ya gama, sannan a riƙa ƙara minti biyu ko uku kowace rana har ya iya kwanciya minti 30 cikin natsuwa ba tare da yana ganin kowa ba. Sai a wannan lokaci ne za a fara barinsa a ciki a fita daga gida, bayan an cire masa abin wuya don kada ya maƙale.

In ya yi kuka, a jira ya ɗan yi shiru kafin a buɗe, sai dai idan fitsari ne ya matse shi, wanda ya fi yawa ga tsoho. Kada zamansa da rana ya wuce awa 4 a jere, kuma kada a taɓa sa shi ciki don hukunta shi. Idan yana cizon ƙarfe, yana dalalar da miyau ko yana ji wa kansa rauni, a dakatar da koyarwar a nemi likitan dabbobi.